RANA TA KOWA CE, AMMA WUTARTA SAI MAI ITA

Jama'a manoma, da ku 'yan kasuwa, da malaman ofis, ga shi an kwashe amfanin damina, hankali ya koma fadama. Saboda haka wannan mako za mu tattauna a kan wutar rana, wadda kowa ya fi sani da sola, gama babu majalisar masu noman rani da za ka zauna yanzu ba ka ji an ɗauko zancenta ba.

Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa ya ratsa Tsafe, ya shiga Gusau, ya fita ta Bungudu, in dai ya lura zai ga abu biyu. Zai ga farantan sola bisa rufin masu cajin waya, da masu sayar da ruwan sanyi, da masu kantin magani, suna ta aiki shekara da shekaru. Sa'an nan zai ga fitilun kan titi da rijiyoyin burtsatse na sola waɗanda aka kafa da kuɗin jama'a. Wasu na aiki, amma da dama sun mutu, sai ƙarfe tsaye, ba faranti ba batir. To, rana ɗaya ce ke dukansu duka. Me ya sa na mai shago ya rayu, na jama'a ya mutu?

A ganinmu, na farko yana da mai shi, na biyu ba shi da kowa. Rana dai ba mu rasa ta ba a ƙasar Zamfara, har ta yi mana yawa. Abin da ke kashe aikin sola a wurinmu, da sauran ƙasashe irin tamu, shi ne alkawarin da ba a cikawa, da rashin tsaro, da kafa kaya ba tare da an dubi halin ƙasa ba. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

ABIN DA YA TAYAR DA ZANCEN

Kakanninmu da jigo da ƙwarya suka yi ban ruwa. Daga shekarun 1990, sa'ad da shirin Fadama na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya ya bazu, sai 'yar rijiyar bututu da ƙaramin injin fetur suka kori jigo. Aiki ya yi sauƙi, gona ta faɗaɗa, albasa da tumatir da attarugu suka yawaita. Amma tun daga ranar nan aka ɗaura wa manomin rani igiyar fetur a wuya.

Igiyar nan kuwa an fizge ta sau biyu cikin 'yan shekarun nan. A 2021, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, Gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako, cikin watan Satumba kuma aka yanke layukan waya. Ba mu musun dalilin dokar, amma injin ban ruwa ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa, sai an kai masa a jarka. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

Ku yi lissafi da kanku. A ce injinka na shan lita 4 duk ranar ban ruwa, kana ban ruwa sau 2 a mako, har mako 16. Lita 128 ke nan. In lita tana Naira 200, kuɗin mai 25,600 ne. In tana 1,000, sun zama 128,000, ban da baƙin mai da gyara. Buhu nawa na albasa za su tafi kafin ka ga naka?

Wani zai ce a jira wutar Nepa. To, wayarta ba ta kai fadama ba, kuma ko a cikin gari ba abin dogara ba ce. A watan Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata babban layin da ke tasowa daga Shiroro, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga daji su gyara da wuri. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ta yanke musu wutar da ta ke sayar musu, alhali ita ce mafi yawan abin da su ke sha. Watau wutar da ke zuwa ta waya, ɓarawo na iya yanke ta, siyasa ma na iya yanke ta. Ita rana ba mai makullinta. Bugu da ƙari, farashin farantin sola a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, saboda yawan masana'antun ƙasar Sin. Abin da dā sai asibiti da gidan attajiri, yau ya shigo kasuwar Gusau.

INDA SIYASA KE SHIGA

Mu fara da manyan ayyuka. A watan Yuli 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14, za su kafa manyan tashoshin sola masu ba da megawat 1,125, yawancinsu a Arewa, har da wata a Kankiya ta ƙasar Katsina. An shirya za a riƙa sayen kowane yunit a kan santi 11.5 na dalar Amurka. Bayan an sa hannu sai Gwamnati ta ce kuɗin ya yi yawa, a koma santi 7.5, aka kuma yi ta ja-in-ja a kan wanda zai tsaya wa kamfanonin in an kasa biyansu. Masu ba da rance suka janye hannu. Shekara bakwai suka wuce ba a kafa ko ɗaya ba. Tashar da Shugaba Buhari ya buɗe a Kumbotso ta Kano a Janairu 2023, wadda asusun Gwamnati ne ya gina ta, megawat 10 ce kacal. Ranar Kankiya ba ta rage zafi ba cikin shekarun nan. Magana ce aka yi aka sake.

Mu a nan kuwa ba sai mun je nesa neman darasi ba. Gulbin nan da ya wuce ta Gusau da Bungudu shi aka datse a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978. An shirya ban ruwan hekta 23,000, mafi yawansu da bututu masu fesa ruwa, waɗanda ba su aiki sai da manyan injuna da lantarki. Aka karɓe gonakin mutane, diyya ta yi ta jinkiri, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan wannan duka, da wuta ta gagara, kayan gyara suka yanke, sai sashen nan na fesawa ya mutu. Ba aikin sola ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne: an kawo babban aiki daga sama, ba a shawarci masu ƙasa ba, ba a kuma yi tanadin ranar lalacewa ba.

Wannan ya shafe mu, domin babbar tashar sola ƙasa ta ke ci, wajen hekta 2 ga kowane megawat. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta sa ƙasa a hannun Gwamna, diyyar da a ke biya ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Don haka in an zo neman fili a garinku, ku nuna fako da marmara, irin waɗanda ba mu rasa ba a gindin duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi. Faranti bai damu da taki ba. Kada a ba da fadama, kada kuma a taɓa burtali ko mashayar dabbobi, gama cinye su yana cikin abin da ya jefa mu halin da mu ke ciki yau.

Ƙananan ayyuka su ma suna da tasu siyasar. Kowa ya san yadda a ke yi. Zaɓe na gabatowa sai a kafa fitilu ko burtsatse, a rubuta sunan mai bayarwa da manyan baƙaƙe, a yi taro, a ɗauki hoto, a watse. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba wanda ya san ko kayan na ƙwarai ne. Ba a bar wa kowa makulli ba, ba a ware ko kwabo na gyara ba. Ran da batir ya mutu, mai gari ya ce na ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma ta ce na ɗan majalisa ne, ɗan majalisa kuwa wataƙila ya riga ya faɗi zaɓe. Wanda ya gaje shi ya fi son ya kafa sabo da sunansa da ya gyara na abokin hamayya. Kafin a ankara wani ya kwance farantin da dare.

Akwai kuma siyasar kuɗi. Kusan duk kayan sola da dala a ke sayo su. Da aka saki Naira a Yuni 2023 ta faɗi, sai rahusar da aka samu a duniya ta narke kafin ta iso mana. A 2025 har an ji wani minista yana maganar hana shigo da faranti daga waje, wai don a ƙarfafa masu yi a gida. Muna son a yi a gida, amma a bari masana'antar ta tsaya da ƙafarta tukuna. A cikin shekarar nan ce dai aka ware wa fadar Shugaban Ƙasa kanta Naira biliyan 10 ta kafa sola. In mai fada ya ga wutar waya ba ta ishe shi ba, ina dalilin tsananta wa mai fadama?

Uwa uba kuma tsaro. Akwai ƙauyuka a ƙasar Tsafe da Bungudu, da kudancin Gusau wajen Magami, inda manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, wasu ma an tashe su ɗungum. Wanda bai tabbata zai girbe abin da ya shuka ba, ba zai zuba jarin shekara biyar a gona ba. Injiniya ma ba zai bi hanyar da a ke sace mutane don ya ɗaure waya ba. Duk Gwamnatin da ke son ta ga sola a fadama, aikinta na fari shi ne hanyar fadamar ta biyu.

HALIN ƘASARMU

Mai sayar da kaya zai ce maka faranti na yin shekara 25. In na ƙwarai ne, gaskiya ya faɗa. Amma akwai abin da ba zai faɗa ba.

Na ɗaya, ƙura. Lokacin noman rani shi ne lokacin hunturu. Hazo na rage hasken da ke saukowa, ƙura kuma na kwanciya bisa gilashin, sai ka ga famfo na kawo ruwa da ƙyar. Maganinta a riƙa sharewa da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da sassafe ko da yamma. Kada a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi da tsakar rana. Kuma wajen saye a ƙara faranti bisa abin da lissafi ya nuna, saboda kwanakin hazo.

Na biyu, zafi. Mutane na tsammani iyakar zafin rana iyakar wuta. Ba haka ba ne. Haske faranti ke so, ba zafi ba. In jikinsa ya wuce digiri 25, yana rage wajen kashi 4 cikin 100 na ƙarfinsa ga kowane ƙarin digiri 10. A bazarar Gusau kuwa iska kanta kan wuce digiri 40, balle gilashin da ke shanye. Saboda haka kada a manna shi da kwano, a ɗaga shi iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi. Batir ya fi faranti tsoron zafi. Irin mai ruwan nan, in an ajiye shi cikin akwatin ƙarfe a rana, da wuya ya wuce shekara biyu ko uku. Wannan shi ne ajalin yawancin fitilun titi. Abin farin ciki shi ne famfon ban ruwa ba ya bukatar batir ko kaɗan. Ya yi aiki da rana, in kana son ajiya ka ajiye ruwa a tanki ko kwalbati, ba wuta ba.

Na uku, iskar farkon damina, wadda ke yaye rufi. Farantin da aka ɗaure da waya kawai ba zai kai Yuni ba.

Na huɗu, ruwa, kuma a nan mu ke so ku natsu. Tsadar fetur, duk da muguntarta, ita ke sa manomi ya kashe inji da zarar gona ta sha. In wuta ta zama kyauta, sai a bar famfo na zuba tun hantsi har la'asar. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama kuwa ba teku ba ne, abin da damina ta ajiye ne cikin yashi. In kowa ya ja ba awo, mai gajerar rijiya shi zai fara ganin laka, shi ne kuma talakan cikinmu. An ga haka a jihar Panjab ta ƙasar Indiya, inda aka ba manoma lantarki kyauta, ruwan ƙasa ya yi ta nisa shekara bisa shekara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyar, mataccen batir. Cikinsa dalma ce. Mu mutanen Zamfara ba sai an gaya mana abin da dalma ke yi ba, gama a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurarta da ta fito daga duwatsun zinariya da a ke daka cikin gida. Ta batir ma ita ce dai. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada yara su yi wasa da shi. A mai da shi wurin mai sayarwa a yi musaya.

ABIN YI

Wani zai ce, “Malam, duk mun ji, amma ina talaka ya ga kuɗin famfon sola?” Gaskiya ne, sayensa ya fi na injin fetur tsada nesa. Bambancin shi ne injin fetur kullum sai ka ciyar da shi, wannan kuwa sau ɗaya za ka ji zafin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabtan gona huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, irin wanda a ke ɗorawa a amalanke a kai gona da safe a komo da shi gida da yamma, kowa da ranarsa. Amma a rubuta a takarda gaban sarkin noma: wa ke ajiya, wa ke sharewa, nawa kowa zai zuba a asusun gyara bayan an sayar da amfani, awa nawa za a ja ruwa. Kada a ce tun da rana kyauta ce ba sai an tara komai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ku 'yan kasuwa, ku ne za ku raya wannan sana'a ko ku kashe ta. Akwai farantan da a ke liƙa wa takardar wat 300 alhali ba su kai ba, da tsofaffin batura da a ke wa fenti. Manomin da aka cuta sau ɗaya zai hana ƙauye guda saye. Ku gwada kaya gaban mai saye, ku ba da rasit da wa'adin garanti, ku ajiye kayan gyara. Wanda ya iya ba da kaya a biya bayan an cire albasa, shi zai kama kasuwar.

Ku malaman ofis, takardun nan ta hannunku su ke bi. In an kawo aikin sola garinku, ko kyauta ne, a yi tambaya huɗu kafin a kafa: bayan an buɗe, na wane ne? Wa zai gyara, kuma a ina ya ke zaune? Daga ina kuɗin sabon batir za su fito? Filin wa za a ɗauka, kuma me za a ba shi? In kamfani ne zai kafa wa gari wuta ya riƙa sayarwa, a rubuta kuɗin yunit a yarjejeniya, a karanta wa jama'a da Hausa. Aikin da ba a amsa waɗannan ba, ƙarfe ne kawai za a bar muku.

Hukuma kuwa ba ta da sauran uzuri. Dokar lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha ikon shirya kasuwar wutarta. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don aikin sola a Nijeriya ta hannun hukumar lantarkin karkara, REA. Rabon Zamfara ba zai zo da kansa ba, sai an bi. Muna da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tun 1982. A koya wa samari biyu a kowace gunduma gyaran famfo da haɗa waya. Kuɗin fitila ɗari na titi, in aka mai da su rance ga ƙungiyoyin masu noman rani, za su fi barin abin gani. Kuma wanda ya hau mulki ya gyara abin da ya tarar, ko da sunan wani ne a jiki, gama kuɗin jama'a ne aka kashe.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ƙaramin famfon da ku biyar kuka saya da guminku, kuka san kuɗinsa, ya fi muku babban da aka kawo da ganga ba a ce na wane ne ba. Kafin a sa irin albasa bana, ku zauna da maƙwabtanku na fadama, ku lissafa abin da fetur ya ci muku bara, ku aika a tambayo farashi a Gusau wurin mutum uku daban daban, sa'an nan ku yanke shawara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa a girbe abin da aka shuka. Sai mako mai zuwa.